Lambar Yabon Kunnen Kwata

Haidar ya isa ɗakin taron sa'a guda kafin lokaci, sanye da 'yar shara mai rubutun turanci a baya, riƙe da makirfo ɗin da ba ya haɗe da komai. Shi ne mai Haidar TV, tashar da ma'aikatanta suka ƙunshi shi kansa da wayarsa. Aikinsa ɗaukar bikin aure da na suna, ya kira kowane mai shanu goma attajirin Fatakwal.

Taron na ƙungiyar 'yan jaridan Hausa na Kudu ne, sun zo daga Anaca da Inugu don karrama rahoton shekara. Wanda ya ci kuwa babu wanda ya san fuskarsa. Wani shafi ne a Facebook mai suna Kunnen Kwata.

Wata tara ke nan shafin yana fallasa abin da ake yi a wata ƙaramar kwata da ke bayan unguwar Trans-Amadi a Fatakwal. Shi ya rubuta yadda magudanar jini ta toshe har yaran unguwa suka kama amai da gudawa. Shi ya bayyana cewa Kallamu, babban dillalin shanu, yana yanka shanu marasa lafiya a bayan katanga kafin likitan dabbobi ya iso. Masu albasa a Anaca suka riƙa tura rahoton, masu suya a Inugu suna karanta wa juna. Cikin mako biyu aka yashe magudanar, aka kuma dakatar da Kallamu wata uku.

Babu wanda ya sha suka a shafin kamar Alhaji Zailani, shugaban mahautan. An ce shugaba ne na hoto, ana magana yana gyangyaɗi. Su Kallamu ne suka ɗora shi a kujerar, kuma sau uku ya kawo zancen magudanar a zaman shugabanni suka ce a bar shi sai bayan Sallah. Ranar da rahoton farko ya fito, ya buga tebur ya rantse sai ya ga bayan mai shafin. Har kwamitin bincike ya naɗa, ya sa kansa a matsayin shugabansa.

Duk da haka shi ya biya kuɗin ɗakin taro, ya ba da rago. Ya ce koma waye, yaron kwata ne, sunan Fatakwal ya ɗaga.

Aka yi jawabai. Baƙon Inugu ya yabi jarumtar rahoton tsawon minti ashirin, yana kiran shafin Kunnen Kasuwa. Na Anaca ya ce aikin jarida amana ne, sannan ya tambayi wani a gefensa ko za a raba kuɗin mota. Mahautan da suka yi ta tsine wa shafin a majalisar mai shayi suka tafa har hannu ya yi ja.

Mai gabatarwa ya ɗauko takarda ya karanta wani layi daga rahoton: "Jinin da ya toshe magudana ya fi shugabannin kwata motsi."

"Ya fi shugaban kwata motsi," in ji Alhaji Zailani, idonsa a lumshe. "Mutum ɗaya aka ce." Da aka juyo ana kallonsa sai ya ƙara da cewa, "Ni aka zaga. Na haddace."

Aka yi dariya, aka wuce.

Sau uku aka kira mai shafin ya fito. Babu wanda ya tashi. Haidar ya dubi lambar yabon, wani allon katako mai ruwan zinare, ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana jiran ɗauka. Ya lissafa cewa wanda ya ɓuya wata tara ba yau zai fito ba. Ya gyara 'yar shararsa ya miƙe.

"Lokaci ya yi da duniya za ta san gaskiya," in ji shi.

Alhaji Zailani ne ya miƙa masa lambar. Ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce a hankali, "Ka tabbata kai ne, yaro?"

"Wallahi ni ne, Alhaji. A yafe mini, aiki ne."

A layin baya Kallamu bai tafa ba. Ya tashi ya fita, yaransa uku suka bi shi, suka tsaya a bakin ƙofa kusa da masu okada.

A nan Haidar ya same su da ya fito riƙe da lambar. Cikin minti guda ya sake rantsuwa da Allah, wannan karon cewa ba shi ba ne, ko rubuta sunan shafin daidai bai iya ba. Wani ya cafki 'yar sharar, shi kuma ya zame ya bar musu ita, ya haye okada da takalmi ƙafa ɗaya. Alhaji Zailani ya fito ya tare Kallamu, ya ce duk wanda ya bi yaron nan ya bar kwata ke nan. Ba su taɓa jin muryarsa haka ba, suka tsaya.

Lambar tana kwance a gefen kwalbati inda Haidar ya yar da ita. 'Yan ƙungiya suka yi shawara a tsaitsaye, domin motar Anaca tana jira, suka roƙi Alhaji ya adana ta har mai ita ya bayyana. Ya karɓa da yatsa biyu yana tsaki.

Bayan la'asar Alhaji Zailani ya shiga ɗakinsa ya tura ƙofa. Ya goge laka daga jikin allon da bakin rigarsa, ya jingina shi a bayan durowa inda baƙo ba zai gani ba. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin katifa, ya zaro tsohuwar wayar da ko matarsa Hajiya ba ta san da ita ba, ya buɗe Kunnen Kwata ya fara rubuta rahoton taron.