Ƙwan Inna

"Malama nas, wai furotin ɗin nan da kuke ta faɗa, nawa zai ishi mutum a rana?"

Ba ni na yi tambayar ba. Ni ko sunana aka kira a layin awon ciki, sai an maimaita kafin muryata ta fito. Wata mai baki ce a bencin gaba.

Nas ɗin ta kawo lissafin giram-giram da nauyin jiki, ya bi ta saman ɗankwalina ya wuce. Abin da na kama kaɗan ne: shi ke gina tsoka da jini, kuma jiki ba ya ajiye shi, kullum sai an ci. Ƙwai, wake, kifi, madara. Ta ce mai ciki da mai aikin ƙarfi sun fi kowa buƙata.

Ni da aka rubuta wa a kati cewa jinina ya yi ƙasa, mai aikin ƙarfin kawai na ji. Maigidana birkila ne, yini yake ɗaga bulo, har ya huda sabon rami a bel ɗinsa.

Saboda haka kiret ɗin ƙwan da ya sayo domina, na karkatar da shi zuwa kwanon abincin da yake tafiya da shi aiki. Kowace safiya in dafa ɗaya in binne ƙarƙashin shinkafa.

"Kin ci naki?"

In gyaɗa kai ina kallon yatsun ƙafata. Ya ɗauki kwano ya ce zai biya ya gaida Inna, mahaifiyarsa, gida biyu tsakaninmu.

Ban taɓa iya dafa ƙwai ba. Gwaiduwa ta yi toka-toka, in na zo ɓarewa farin ya biyo ɓawon. Amma na ji kaina babbar likita.

A makon nan Inna ta fara shigo mini da hantsi, da 'yar tasa a rufe.

"Zauna, 'yata. A gabana za ki cinye."

Ƙwai ne, ya huce, duk farce ya ƙwaƙule shi. Ina ci ina dariya a zuci: ashe mace za ta haifi bakwai ba ta iya ɓare ƙwai ba. Har yayata na ba labari a waya, muka sheƙe.

Maigida bai ƙara ƙiba ba, sai na mayar da nasa biyu. Allah da ikonsa, Inna ma ta ƙara hannu. Jiri ya bar ni, kumatuna suka ciko. A awo na gaba nas ta duba katina ta ce wa sauran mata su yi koyi da ni. Na sunkuyar da kai, na karɓi yabon har da murmushi.

Yau da safe ya manta safar hannunsa a kan kujera. Siminti na cin fata, don haka na yafa mayafi na bi shi. A bakin ɗakin Inna, kafin in yi sallama, na ji muryarta.

"Yau ma duka? Kai ka dubi wuyanka kuwa?"

"Ita ce mai juna biyu, Inna. In na ce ta ci, kai kawai za ta gyaɗa mini."

Na leƙa ta gefen labule. Yana tsugune, kwanonsa a buɗe, yana tono ƙwan da na binne da cokali yana kakkaɓe shinkafar, Inna ta tara masa tasarta. Na rataye safar a ƙofa na juyo a kan yatsun ƙafa. Babu wanda zai ji wannan daga bakina, balle yayata. Gobe dai wake zan cakuɗa masa cikin shinkafar, in ga mai tsince shi ɗaya-ɗaya.