Fuskar Mato

Alƙasim bai ko tsaya ɗaure jakinsa ba. Ya jefar da igiyar, ya fizgi sandarsa, ya nufi gidan yumɓu, 'yan kasuwa na binsa da kallo. Maiguwa mai shayi ne ya fesa masa maganar, da ƙarfi kuma, yadda kowa zai ji: baƙon nan na gidan yumɓu ya gina kan mutum, duk wanda ya leƙa kuwa fuskar Mato yake gani.

Mato ƙanensa ne. A yunwar 1984 ya tafi ci-rani Abijan don ya aiko da abin sayen hatsi, zazzaɓi ya kashe shi a can. Ko kabarinsa ba wanda ya sani. Yanzu kuma wani ɗan birni ya mayar da shi gunki!

Tun farko Alƙasim bai so gidan nan ba. Furoje, wani shirin agaji, shi ne ya gina wa matan ƙauyen, a kwarin Karofane, don su riƙa gina tulu da randa tare suna kaiwa kasuwar Buza. To, wannan ba laifi. Amma sai aka tsiro da wata al'ada, kowane rani a kawo wani gwani daga nesa, a ba shi ɗaki da tuwo, ya zauna har saukar damina, wai ya koya musu su koya masa. Na bana Iliya ne, ɗan Yamai, mai tsukakken wando da suma kamar sheƙar tsuntsu. Me zai koya wa matan Adar? Ko Inna, mahaifiyarsu, da ta tsufa tana gina tulu kafin idonta ya rufe, ba ta taɓa buƙatar ɗan lakwal mai ilimin boko ya nuna mata yumɓu ba.

Inna ce ma ta fi tsaya masa a rai. Da labarin mutuwar Mato ya iso ta kwanta, ta ƙi ci ta ƙi sha, har aka fara cire rai da ita. Sai bayan girbin bana ta farfaɗo. Ta koma cin tuwo, kullum da hantsi maƙwabciyarsu Cima ta ja mata sanda su fita shan iska, ta dawo tana neman man shanun da za ta shafa wa hannu. In ta ji an yi wa ɗanta wannan wulaƙanci, ƙarshenta ke nan. Alƙasim ya rantse kafin maganar ta kai gida zai kawar da abin daga doron ƙasa.

Ya banke ƙyauren kwano da ƙafa. Mata na tsakar gida suna jera tukwane, suna tara kara da kashin shanu don gashin gobe. Duk suka tsaya cak.

"Ina shi ke?"

Idanunsu suka tona asirin. Can ƙarƙashin rumfa, bisa turmi, ga wani abu an lulluɓe da tsohon baƙin zane. Ya fizge zanen.

Ya ƙura ido. Mato ne. Ga faɗin goshin, ga hancin da ya karkace tun ranar da jaki ya kayar da shi. Har ɗan ramin nan na bayan kunne, wanda suma ke rufewa, wanda shi kansa Alƙasim ya manta da shi. Saura kaɗan ya yi masa sallama.

Sai fushin ya dawo ninki biyu. Mato bai taɓa ɗaukar hoto ba in ban da na katin shaida, shi ma da shi ya tafi. Ta ina wannan baƙo ya san shi? Ko sihiri, ko munafukan gari. Alƙasim bai ga amfanin tsayawa tantancewa ba.

Iliya ya fito a guje, hannu duk laka. "Malam, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Ruhe min baki! Mun ba ka ruwa, mun ba ka tuwo, ko mamatanmu ba ka bari su kwanta?"

Biba, shugabar matan, sa'ar Inna ce, ta sha gabansa tana haki. "Alƙasim, ɗana, aje sandar nan in hwaɗa maka."

"Ke ma da ke anka yi!"

Ya zagaye ta ya ɗaga sandar. Bugun farko ya raba goshin biyu. Ya ci gaba da bugu, yana kuka yana zagi, har hanci da leɓe suka zama ɓarɓashi, ya bi ɓarɓashin ya tattake da ƙafa. Sannan ya juya ya nuna su da sanda ɗaya bayan ɗaya.

"Duk wadda ta bari Inna ta ji wanga zance, ni da ita."

Biba ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka. Iliya ya sunkuyar da kai. Alƙasim ya ce a ransa, ashe dai sun san kunya, ya fice zuciyarsa wasai.

Da la'asar ya shiga gida, ya sami Inna zaune bisa tabarma a inuwar rumbu. Ta gane takunsa, ta juyo da fuskarta tana murmushi, irin wanda rabonsa da gani tun Mato na gida.

"Alƙasim, kai na? Zo ka zamna kusa da ni, akwai abin da nika ɓoye maka."

Ya jingina sandar ya durƙusa. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Na san malamai sun hana, Allah shi gahwarta min, amma tsoro ni ji kar in mance ɗana. Tun girbi nika zuwa gidan yumɓu ina gina huskar Mato da hannuna. Gobe za a gasa ta, kai nika so ka tahi ka duba, ka hwaɗa min in ta yi kama."