Harsashin da Ba Rodi

"A rushe gidan kawai, Inna," in ji babban ɗan tsohuwar. "Harsashin da ba rodi ba zai ɗauki bene ba."

Tsohuwar ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. "Sai dai ku rushe har da ni. A tona a gani."

Kwana biyu leburori suna tonon gindin bango. Injiniya ya shiga ramin, ya auna faɗin kankaren, ya auna kaurinsa, ya sake aunawa.

"Inna, wa ya zuba wannan? Ai ko bene biyu zai ɗauka."

"Ba mu da halin sayen rodi, sai marigayi maigidana ya ninka kaurin. Ni na kwaɓa simintin, ina ɗauke da cikin wannan mai cewa a rushe."