Fasinjan da Dogo Ya Ƙi Ɗauka

"Ba ka shiga jirgina," in ji Dogo, ya tare bakin kwalekwalen da filafili.

Mutumin da ke tsaye a kwatar Yelwa ya share gumi. Tumbi ya kusa tsaga masa kwat. A hannunsa akwai takardar gwamnati da zai kai tsibirin su Dogo, wai kowa ya tashi kafin ruwan dam ɗin Kainji ya iso.

"Ku ba ku san tafiyar ƙasa ba," Dogo ya ci gaba. "Daga kujera sai mota, daga burodi da bota sai shayi da sukari. Mu tuwon dawa da kifi muke ci, mu wuni muna tuƙi. Dubi haƙarƙarina. Za ku nutsar da garinmu, kana son ka haɗa har da jirgina?"

Mutumin ya cire takalma, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi ruwa ya shafa wa goshin jirgin sau uku.

Filafilin ya suɓuce wa Dogo. Mutum ɗaya tak Dogo ya taɓa koya wa wannan al'ada: ɗansa, siriri kamar gora, da ya tafi karatu Ingila shekara takwas da suka wuce.

"Baba, ni ne Ishaya."

Dogo ya dube shi, ya dubi takardar.

"Na ba su sanda, sun maido mini turmi," ya ce. "Shiga. Amma kai za ka tuƙa."