Jirgin da Ke Kwana Bayan Zana

Tanimu, na ga abin da ka nuna mini a waya. Roka mai tsawon bene, an ce idan ta gama gyaruwa za ta riƙa zuwa sama ta dawo, a zuba mata mai ta koma, kamar motar haya. Ta tashi, ta tarwatse, masu ita suna tafi. Kai fashewar ce ta ba ka dariya. Ni ba ta dame ni ba, don duk mai koyon ginin tukunya sai ya fasa. Wani wuri daban nake kallo, kuma bari in ba ka misali.

Wani manomi ne a bakin babban kogi, gidansa a wannan gaɓa, gonarsa a tsallake. Duk abin da ya mallaka shanun huɗa ne guda biyu. Kwalekwale ba ya ɗaukar sa, kogin kuwa in ya kawo ba a saka dabba a ciki, don haka kowace shekara sai ya zaga ta gada, tafiyar kwana uku, ya iske maƙwabta sun gama shuka. Sai wani masassaƙi ya ce zai haɗa ƙaton jirgi na katako da zai riƙa kai shanu ya dawo ya ɗebi wasu, sau goma a yini. Na farko ya nutse tun a gaɓa. Na biyu ya kai tsakiya ya buɗe, buhunan yashin da aka yi gwaji da su suka yi ƙasa. Gari ya yi ta ihu, manomi bai yi dariya ba, shi ma ya taya jawo katakon. Na uku ma ya nutse. Na huɗu ya je ya dawo, aka yi kiɗa. Daga ranar ne masassaƙi ya kewaye wurin aikinsa da zana. Kullum jirgi ya je sau ɗaya, ya dawo, a ja shi bayan zana, washegari ya fito yana ƙyalli da sabuwar kwalta. Nan zuciyar manomi ta ƙi kwanciya. Lokacin da jirgi ke nutsewa kowa na gani, yanzu da aka ce ya gyaru, me ake rufewa? Ranar wani gwaji ya sunkuya kamar mai wanke ƙafa, ya tsaga 'yar alama da wuƙa a katakon gindi. Da gari ya waye ya duba, babu alama, katakon ma sabo ne. Ya sake yi a wani katakon, shi ma haka. Ya sami masassaƙi ya ce, "Ina roƙon abu ɗaya. Jirgi ya je ya dawo, ya sake komawa bai shiga zana ba." Masassaƙi ya ce sana'a ba ta rasa sirri. Mutanen gari suka ce manomi baƙin ciki yake yi, har liman ya tuna masa zato zunubi ne.

Ruwan shuka ya sauka, aka sa ranar fara jigila. Manomi ya yi sammako da shanunsa don ya shiga zuwan farko, tunda zuwan farko kaɗai ya taɓa gani da idonsa jirgi ya yi lafiya. Ina, mai gari da muƙarrabansa da makaɗa sun cike jirgi. Suka je lafiya, jirgi ya dawo, aka ce sai masu shanu. Ga zana can a tsaye, jirgi bai leƙa ta ba. Manomi ya dubi gonarsa a tsallake, ƙasa ta jiƙa tana jiran garma. Ya tuna kwana ukun gada, ya ga idon jama'a a kansa. Abin da ya yi shi ke ba ni haushi har yau, don ya sani sarai. Sai ya raba ƙafa, ya ce bari ya sa sa ɗaya, ya riƙe ɗaya a gaɓa. Aka ɗaure san a jikin gungumen tsakiya don kada ya yi motsi. Jirgi na kaiwa inda ruwa ke da ƙarfi, katakon gindi, wanda zuwan farko ya riga ya sassauta, ya saki ƙusoshinsa. Mutane suka yi iyo suka fita. San yana ɗaure.

Jirgin ya kife, ruwa ya kawo shi gaɓa gindinsa a sama, duk gari ya taru ya ga abin da zana ke rufewa: ramukan ƙusa birjik, an cire an mayar, an cire an mayar, an toshe da tsumma an shafe da kwalta. Manomi na tsaye da igiyar sa ɗaya a hannu, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. A shekarar da fartanya ya yi noma.

To, Tanimu, kada ka tsaya ƙirga rokar da ta fashe a gaban jama'a, wannan ita ce mai gaskiyar ciki. Wadda ta dawo lafiya za ka bi da ido. Ina ake kai ta, kwana nawa take yi a can, me aka cire mata, kuma wa za a ɗaure a ciki ranar da za ta koma ba ta kwana bayan zana ba? Ni dai ban yarda ba tukuna, ban kuma ƙaryata ba. Jira nake, don Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.