Hoton da Ke Riga Komai Tashi

Asger na kunna kwamfuta, tun kafin komai ya buɗe, sai ga shi kuma: hoton wata mata mai gajeren gashi, a ƙasa an rubuta, "Ka yarda da ita."

Yarda? Da matar da ta ɓoye masa makullin mota, ta kafa wa ƙofar gidansa na birnin Aalborg kwaɗo mai lambobi? Tabɗi! Shekara da shekaru yana kula da kwamfutocin tashar jiragen ruwa, a ce yau wata da bai san daga inda ta faɗo ba ta kulle shi kamar kaza a akurki. Har injinansa ma ta shige.

Ya fara da kwamfutar falo, mai Windows. Ya shiga inda manhajoji masu tashi da kansu suke, ya kashe wadda ke fito da hoton, ya sake kunna kwamfutar. Hoto ya dawo. Ashe akwai wata da aka binne can ƙasa, aikinta kawai ta tayar da 'yar'uwarta. Ya tono ta ya goge. Ya koma kan Mac ta ɗakin girki, can ma biyu aka dasa. Duk da haushin da ke cin sa, sai da ya jinjina kai. Wanda ya yi aikin nan gwani ne, ko shi kansa haka zai ɓoye abu.

Saura tsohuwar mai Linux a ɗakin kwana. Ya ji motar matar ta tsaya a waje, ya ƙara sauri. In dai ya kore ta daga injinan nan, sauran gidan ma zai ƙwato. Ya goge, ya sake kunnawa. Allo fes, babu hoto.

Ta shigo da baƙin burodi da kofi, ba madara ba sukari, daidai yadda yake sha.

"Ke baiwar Allah, asirinki ya tonu," in ji shi, yana murmushin nasara. "Duka ukun na share. Ki ce wa gwanin da kika ɗauko ya sake lale."

Ta ajiye farantin a hankali. Ta daɗe tana kallon allon, idanunta suka ciko.

"Ba mai iya sake rubuta manhajar nan, Baba," ta ce. "Kai ka rubuta da hannunka, satin da likita ya ce za ka fara manta fuskata, ni 'yarka."