Ranar da Hazo Ya Haɗiye Wendell

Sun gama hawan duwatsun wani tsibiri ke nan, sun kafa tanti, sai Wendell ya tuɓe riga ya faɗa teku. Kun san ruwan Maine ta ƙasar Amurka, ko da bazara sanyinsa har cikin ƙashi. Budurwarsa Marnie tana bakin gaɓa tana kallonsa, sai hazon teku ya sauko ya haɗiye shi.

Ta ƙwala masa kira. Shiru. Ta shiga ruwa har gwiwa tana kira, har muryarta ta dishe. Babanta ma haka ya ɓace a teku, jirginsa kawai aka tsinta.

Can sai ga shi ya ɓullo ta bayan dutse, haƙora na kaɗawa, yana dariya.

"Ke matsoraciya, a ruwan nan fa na girma!"

Ta yafa masa tawul, hawaye na zubo mata. Gogan naku kuwa bai lura ba, sai ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Marnie, kawu ya bar mini jirginsa na kamun kifi. Ki aure ni."

Ta dubi hazon, ta dube shi.

"Jirgin fa? Za ka iya rabuwa da shi?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai.

"To tashi, Wendell," ta ce a hankali. "Ina sonka, ka sani. Amma yau na ɗanɗana na ji, ba zan iya shan wannan fargabar kullum ba."